Masu jarin farko: Abubuwan da ya kamata ka sani game da masu sa kuɗi a kamfanin da bai tsaya da ƙafarsa ba

A watan Agustan 1998, wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya, Larry Page da Sergey Brin, suka nuna wa wani injiniya, Andy Bechtolsheim, manhajar bincike da suke haɗawa. Bayan ɗan gajeren gwaji ya rubuta musu cakin dala 100,000 da sunan kamfanin Google. A lokacin kuwa babu kamfanin: ba rajista, ba asusun banki. Sai da cakin ya jira aka yi rajista a farkon watan Satumba kafin a kai shi banki.

Bechtolsheim yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin kwamfuta na Sun Microsystems. Kuɗin nasa ne, bai nemi izinin kowa ba, kuma ya san harkar ciki da waje, shi ya sa ya gane abin da ke gabansa cikin 'yan mintoci. Labari ne mai daɗin ji, amma yana da illa ɗaya: yana sa mutum ya ɗauka harkar ta sa'a ce da ƙarfin hali kawai. Fiye da rabin cakin da irin waɗannan mutane suke rubutawa ko uwar kuɗin ba sa dawowa da ita.

## Wane ne mai jarin farko?

Mutum ne mai hali da ke ɗaukar kuɗin aljihunsa ya zuba a kamfanin da bai kankama ba, a ba shi kaso a mallakar kamfanin. Turawa suna ce wa irinsa mala'ika, sunan da ya fito daga gidajen wasan kwaikwayo na Broadway a New York, inda attajirai kan ɗauki nauyin wasan da ba wanda ya san ko zai karɓu. Shi ne ke shigowa bayan 'yan uwa da abokai sun yi iya nasu, tun kafin manyan masu kuɗi su san da zaman kamfanin.

Banki ba ya shiga wannan gurbi. Rance yake bayarwa, yana so ya ga jingina, takardar fili ko ta gida, da tarihin shige da ficen kuɗi, sannan ya ɗora ruwa ya yanka ranar biya. Yaron da ya gama hidimar ƙasa bara, dukiyarsa kwamfuta ɗaya da tunani mai kyau, ba shi da ko ɗaya daga ciki. Ko da zai samu, a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance a lokacin. Kamfanin da zai yi shekara biyu ko uku bai fara riba ba, irin wannan bashi ba zai bar shi ya kai labari ba.

Kamfanonin jarin kasada kuma kuɗin wasu suke juyawa: na asusun fansho, na jami'o'i, na bankunan raya ƙasa. Tunda akwai waɗanda za su yi wa bayani, sai sun ga ciniki ya fara tafiya kafin su shigo. Ba sa kuma son ƙaramin caki, domin wahalar binciken kamfanin da za a ba dala 50,000 kusan ɗaya ce da ta wanda za a ba miliyan biyar. Tallafi shi ma hanyarsa daban. Tun 2015 Gidauniyar Tony Elumelu take ba matasan Afirka dala 5,000 kowanne, ba biya ba kaso, amma wannan kyauta ce, mai bayarwa ba ya jiran komai ya dawo.

Akwai wanda ya kamata a ware tun da wuri. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai riƙa ba ka kashi kaza duk wata, uwar kuɗinka kuma tana nan daram, ba wannan harka yake yi ba. Waɗanda MMM ta rufe wa asusu a Disambar 2016 sun san ƙarshen irin wannan alkawari. Mai jarin farko na gaske ba a yi masa alkawarin komai, sai kason da aka rubuta da sunansa.

## Yadda ake yanke ciniki

Mu ƙaddara wata matashiya a Kano ta haɗa manhajar da ke sada manoman riɗi da 'yan kasuwar Dawanau. Ta gwada da manoma kaɗan, abin ya yi aiki, yanzu tana buƙatar naira miliyan 20 ta ɗauki ma'aikata biyu ta faɗaɗa zuwa Jigawa. Ta samu zama da wani tsohon ɗan kasuwar hatsi. Idan ya san abin da yake yi, ba zai ɓata lokaci kan kyawun manhajar ba. Zai tambaya: "Mutum nawa ne suka biya da kuɗinsu, ba waɗanda suka ce abin ya burge su ba? A cikinsu nawa suka dawo karo na biyu? Nawa kike kashewa a wata? Wannan miliyan 20 wata nawa za ta kai ki? Idan dillalan kasuwa suka ga kina taɓa musu la'ada, me kika tanada?" Daga nan zai nemi lambar biyu ko uku daga cikin manoman ya kira su da kansa, ya duba takardar rajista ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya ga ko manhajar da sunan kamfani take ko da sunan wani aboki da ya rubuta ta.

Sai maganar daraja, wadda ita ce zuciyar cinikin. Kamfanin da bai fara riba ba, ba shi da farashin kasuwa, farashinsa shi ne abin da ɓangarorin biyu suka daidaita a kai. A ce sun yarda darajarsa miliyan 80 ce kafin kuɗin su shiga. Da shigar miliyan 20 ta zama miliyan 100, mai jarin ya mallaki kashi 20, ita tana da 80. Kuɗin kuwa asusun kamfani suke shiga. Wannan wuri ne da ake yawan samun ruɗani: ba sayar da kasonta ta yi ta sa kuɗi a jaka ba, sababbin hannayen jari aka ƙirƙiro aka ba shi.

Bayan shekara biyu ciniki ya haɓaka, wani kamfanin jarin kasada ya zo da miliyan 100, aka yi wa kamfanin darajar miliyan 400 kafin shigar kuɗin, wato 500 bayan shigarsu. Sabon shiga ya ɗauki kashi 20. Kason tsohon ɗan kasuwar ya sauko daga 20 zuwa 16, nata daga 80 zuwa 64. Wanda bai saba ba zai ce an cuce shi, alhali kashi 16 na miliyan 500 miliyan 80 ne, ninki huɗu na abin da ya zuba. Amma fa a takarda. Ba zai iya sayen buhun shinkafa da wannan miliyan 80 ba sai ranar da ya samu mai sayen kasonsa.

Saboda wannan raguwar kaso ne masu jarin farko da suka goge ba sa haɗama. Yawanci zagayen farko gaba ɗayansa ba ya cin fiye da kashi 10 zuwa 25. Da a ce mutumin nan ya ce sai an ba shi kashi 60 kan miliyan 20 ɗinsa, ita ta rage da 40, to bayan zagaye biyu nan gaba tana da ƙasa da 26, idan kuma tana da abokin kafa kamfani sai su raba wannan ɗin. Manyan masu jari idan suka ga irin wannan rabo juyawa suke yi, domin sun san wanda zai kwana bai yi barci ba saboda kamfanin ba zai daɗe yana wahala a kan abin da akasarinsa na wani ne ba. Mai kashi 60 ya ci ciniki a ranar farko, ya kuma toshe duk ƙofar da kuɗi za su shigo daga baya. Ga matashin da aka yi wa irin wannan tayi, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sauran sharuɗɗan da aka saba gani ba su da yawa: rahoton lissafi duk wata ko duk wata uku, haƙƙin ƙara kuɗi a zagaye na gaba don kada kaso ya ragu, da sharaɗin cewa kason masu kafa kamfani ba ya zama nasu dungurungum sai a hankali, galibi cikin shekara huɗu, wanda ya tafi kafin shekara ɗaya ya tafi hannu rabbana. Wannan na ƙarshe yakan yi wa matasa ɗaci, amma su yake karewa daga abokin da zai yi wata shida ya samu aiki a Abuja ya tafi da rabin kamfani.

## Idan an kasa yanke daraja

Sau da yawa kamfanin ya yi ƙanƙanta har ba a san darajar da za a sa masa ba. Tsohuwar dabara ita ce a ba da kuɗin a matsayin bashi mai ruwa wanda zai rikiɗe ya zama hannun jari idan manyan masu jari sun zo sun yanke farashi. A 2013 cibiyar Y Combinator ta Amurka ta fito da wata gajeriyar takarda da ake kira SAFE, wadda ba ta da ruwa kuma ba ta da ranar biya. Ka ba da kuɗi yau, a ba ka kaso gobe, bisa rangwame ko bisa wani rufin daraja da aka amince da shi. Wanda ya zuba miliyan 20 da rufin miliyan 200 zai samu kimanin kashi 10 ko da an yi wa kamfanin darajar miliyan 500 daga baya, ladan shigowarsa da wuri ke nan. Sauƙinta ne haɗarinta: matashi kan sa hannu a irinta biyar ko shida bai tara lissafi ba, sai ranar rikiɗa ya ga abin da ya rage masa.

## Lissafin asara

Binciken da aka fi kafa hujja da shi a wannan fage shi ne na Robert Wiltbank da Warren Boeker, wanda ya fito a 2007. Sun bi sawun masu jarin farko 539 a ƙungiyoyi 86 na Arewacin Amurka, suka duba jari 1,137 da suka riga suka kai ƙarshe, ko an sayar ko an rufe. A dunƙule kuɗin sun ninka sau 2.6 cikin kimanin shekara uku da rabi. Amma kashi 52 cikin ɗari na jarin ba su dawo da uwar kuɗi ba, yayin da kashi 7 kacal, waɗanda suka ninka fiye da sau goma, suka kawo kashi 75 na duk kuɗin da aka samu.

Ma'anar wannan ga mai kuɗi a fili take. Wanda ya zuba a kamfani ɗaya ko biyu ya fi kusa da asara, ko da ya iya zaɓe. Lissafin ba ya fita sai an warwatsa kuɗin a kamfanoni da yawa, goma sha biyar ko ashirin, da fatan ɗaya ko biyu su ɗauke asarar saura. Shi ya sa ake haɗuwa a ƙungiya, kamar dai watanda: mutum ɗaya ba zai iya saniya ba, amma goma sun haɗa kowa ya ɗauki kasonsa, a nan kuma har wahalar bincike ake rabawa. Ƙungiyar Band of Angels, wadda aka kafa a Kwarin Silicon a 1994, tana cikin na farko da suka bi wannan tsari. Binciken Wiltbank ya kuma nuna waɗanda suka ɗauki lokaci suna bincike kafin su biya, da waɗanda suka zuba a sana'ar da suka sani, sun fi samun riba nesa ba kusa ba.

Kuɗi kaɗai ba ya hana a yaudare ka. Manyan attajiran Amurka, ciki har da Rupert Murdoch, sun zuba ɗaruruwan miliyoyin dala a Theranos, kamfanin gwajin jini da na'urarsa ba ta yin abin da aka ce tana yi, har kotu ta samu shugabarsa Elizabeth Holmes da laifin zamba a 2022. Ba su san harkar asibiti ba, kowa ya ga sunan wani babba a ciki ya bi. Amurka dai ta taƙaita irin wannan jari galibi ga mai dukiyar da ta kai dala miliyan ɗaya ban da gidan da yake ciki, ko mai samun dala 200,000 a shekara. Hikimar ita ce kada mutum ya zuba abin da rasa shi zai hana tukunyar gidansa tafasa.

## Abin da ya fi kuɗin amfani

A 1977 Mike Markkula, wanda ya tara dukiya a kamfanin Intel, ya kawo wa Apple dala 250,000, wani sashe jari wani sashe rance. Steve Jobs da Steve Wozniak sun iya haɗa kwamfuta, ba su iya tafiyar da kamfani ba. Markkula ya zauna ya tsara musu yadda kasuwancin zai gudana, ya kawo Michael Scott ya zama shugaba na farko, daga baya shi kansa ya riƙe kujerar. A misalinmu na Dawanau, kiran waya ɗaya da tsohon ɗan kasuwar zai yi wa wani babban mai fitar da riɗi waje ya ce "ga 'yata nan zuwa, a saurare ta" yana iya fin miliyan 20 ɗin daraja.

Za a iya cewa ai dama kamfanoni masu kyau suke zaɓa, ba su ne suke gyara su ba. William Kerr da Josh Lerner da Antoinette Schoar sun gwada wannan zargi da bayanan wasu ƙungiyoyi biyu na Amurka. Sun kwatanta kamfanonin da suka tsallake da ƙyar aka ba su kuɗi da waɗanda suka faɗi da ɗan ƙiris, wato waɗanda kusan ingancinsu ɗaya. Waɗanda suka samu jarin sun fi daɗewa a raye, sun kuma fi bunƙasa.

Akwai kuma yadda abin yake haifar kansa. A 2002 eBay ya sayi PayPal kan dala biliyan 1.5. Bayan shekara biyu ɗaya daga cikin masu PayPal, Peter Thiel, ya ba Facebook dala 500,000 ya karɓi kimanin kashi 10. Kamfani ɗaya da aka sayar yakan fitar da mutane da dama masu kuɗi da gogewa lokaci guda, su ne ke rubuta cakin na baya.

## Najeriya

An kafa Lagos Angel Network a 2012, sannan ƙungiyar masu jarin farko ta Afirka, ABAN, a 2015, da Tomi Davies a matsayin shugabanta na farko. Ƙungiyar Rising Tide Africa ta mata ce, kuma ana buƙatarta, domin abin da ke kaiwa ga kamfanonin mata daga wannan jari ɗan kaɗan ne.

Abin da ya sa mutane suka yarda harkar tana biya shi ne Paystack. Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa shi a 2015, ya shiga Y Combinator a farkon 2016, sannan a Oktoban 2020 kamfanin Stripe ya saye shi kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200. Cikin waɗanda suka ba shi kuɗi tun yana ƙarami akwai 'yan gida irin su Olumide Soyombo da kamfanin Ventures Platform na Kola Aina. A 2021 sababbin kamfanonin Afirka suka tara sama da dala biliyan 4, akasari a Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu da Masar. Daga baya ruwa ya janye. 54gene, kamfanin binciken ƙwayoyin halitta da ya tara kusan dala miliyan 45, ya rufe a 2023.

Kason Najeriya kuma kusan duka a Legas yake tsayawa. Arewa tana da cibiyoyin horar da matasa: CoLab a Kaduna, nHub a Jos, Startup Kano da Blue Sapphire a Kano, a Yamai kuma akwai CIPMEN. Ana koyar da rubuta manhaja, ana gasa, ana raba kyaututtuka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai rubuta cakin farko ya kuma zauna da yaran har shekara bakwai.

## Uban gida da yaronsa

Ba rashin kuɗi ba ne, ba kuma rashin al'adar ba da jari ba. Tun zamanin fataken goro na Gwanja attajiran Kano suke ba yaransu kaya da guzuri su tafi su juyo a raba riba. Har gobe a Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, yaron da ya yi shekaru yana tsaron shago uban gidansa kan yaye shi da jari. Aliko Dangote ma da kuɗin gidan kakanninsa na Dantata ya fara a 1977, sai dai rance ne ya karɓa ya biya, ba kaso ya bayar ba.

Bambancin yana wurare uku, kuma kowanne yana taɓa ɗabi'a. Uban gida shi ne ya san sana'ar fiye da yaro, shi ke da ta cewa. A sabon kamfani yaron ne ya san abin da ake yi, mai kuɗi kuma ƙaramin kaso yake riƙe da shi, shawara yake bayarwa ba umarni ba. Ba kowane Alhaji ne zai iya zuba miliyan 20 sannan ɗan shekara ashirin da biyar ya ce masa "Yallaɓai, mun ji shawararka amma ga hanyar da za mu bi" ya haɗiye ba. Na biyu, uban gida ya saba ganin kaya: bandir nawa suka shigo, nawa suka fita. Manhaja ba ta da sito. Na uku, ya saba riba ta fito a ƙarshen shekara a raba, shi kuwa kamfani mai son girma duk abin da ya samu mayarwa yake yi cikin aikin.

A ganina, babban cikas shi ne takarda. Yaro ya zo da yarjejeniyar da lauya ya rubuta, sai a ce masa: "Haba, ai kai ɗana ne, wace takarda kuma tsakanina da kai?" Kunya ta hana shi nacewa. Komai lafiya har ranar da ɗaya daga abu biyu ya faru. Kamfani ya rushe, sai kuɗin da aka kira jari su koma bashi a bakin mai su. Ko kuma kamfani ya yi albarka, Alhaji ya rasu, magada su zo, wani ya ce uwar kuɗi za a ba su, wani ya ce ai kamfanin gaba ɗaya na mahaifinsu ne. Ko ba a kai nan ba, babu babban mai jarin da zai shiga kamfanin da ba a san wa ya mallaki nawa ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa rajista har mutum ɗaya yana iya kafa kamfani, kuɗin rubuta yarjejeniya kuma bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin shari'a.

Dole kuma a yi wa attajirin adalci. Fili a gefen Abuja ko Kano, ko hatsin da aka saya da kaka aka ajiye, sun daɗe suna biya ba tare da ciwon kai ba. Wanda zai bar wannan ya zuba a abin da rabinsa asara ne, sai dai a ce masa ya ware ɗan abin da zai iya mantawa da shi, ya kuma fara da sana'ar da ya sani. Ɗan kasuwar hatsi ya fi kowane mai jarin Legas sanin ko manhajar riɗi za ta yi aiki.

## Ina Shari'a ta tsaya?

Asalin cinikin bai saba wa fiƙihu ba. Ƙiradi, wanda ɗaliban Risala suka sani, shi ne ɗaya ya kawo dukiya ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka ambata, asara kuma ta hau kan mai dukiya muddin ba sakaci ko ha'inci. Ba a yarda a lamunce masa uwar kuɗi ba, ba a yarda a yanka masa adadi tsayayye ba. Sayen kaso a kamfani ya fi kusa da musharaka, wato tarayya a dukiya da riba da asara. Sai dai ƙiradi yana ƙarewa idan an sayar da kaya an yi lissafi, kaso a kamfani kuwa ba shi da ranar ƙarewa.

Inda za a kula shi ne takardun da aka aro daga waje. Bashi mai rikiɗa yana ɗauke da ruwa. Akwai kuma sharaɗin da ke ba mai jari fifikon karɓar kuɗinsa kafin kowa idan an sayar da kamfani ko an rufe shi, wanda ƙa'idojin hukumar AAOIFI mai tsara harkar kuɗin Musulunci ba su amince da shi ba. Duka biyun ana iya cire su a teburin ciniki, a sayi hannun jari na gama-gari kai tsaye.

## Me gwamnati ta yi?

Birtaniya tana rage wa mai zuba jari a ƙananan kamfanoni haraji tun 1994, a yanzu kashi 30 na abin da ya zuba a tsarin EIS, sannan kashi 50 a tsarin SEIS na 2012 da aka yi don jariran kamfanoni. A Afirka Tunisiya ce ta fara doka ta musamman a 2018, Senegal ta biyo a 2019. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan ta Najeriya a Oktoban 2022. Ta tanadi rangwamen haraji na kashi 30 ga masu zuba jari, da yafe harajin ribar sayar da kaso idan an riƙe shi aƙalla wata 24, da asusun jari na aƙalla naira biliyan 10 a shekara. Sharaɗin shi ne kamfanin ya samu shaidar hukumar NITDA, kuma kada ya wuce shekara goma da rajista. Kafin ka sa wannan rangwame a lissafinka, ka tambayi akanta yadda ake karɓarsa a aikace.

## Ta ina kuɗin ke fitowa?

Hanya uku ce. Babban kamfani ya sayi ƙaramin, kamar Stripe da Paystack. Ko kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari, kamar yadda Jumia ya shiga ta New York a 2019, wanda da wuya ake gani. Ko kuma mai jarin farko ya sayar da kasonsa ga babban mai jarin da ya shigo daga baya, galibi da ɗan rangwame. Wannan ta ukun ita ce ta fi kusa da hannu a nan, don haka yana da kyau a rubuta tun farko cewa yana da damar yin hakan. Ko wace ce, a sa ran shekara biyar zuwa goma. Wannan kuma yana nuna ba kowace sana'a ce ta dace da irin wannan jari ba. Gidan burodi ko shagon ɗinki na iya riba mai kyau, amma ba mai zuwa ya saye shi ninki ashirin, rabon riba irin na ƙiradi ya fi dacewa da shi.

Sai maganar canji. Yawancin kamfanonin da suka tara dala suna rajistar uwar kamfani a jihar Delaware ta Amurka, domin dokokinta masu jarin waje suka sani, amma cinikinsu da naira suke yi. A farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta kai wajen 1,500. Kamfanin da ya ninka cinikinsa sau biyu a naira cikin wannan lokaci, a idon wanda ya ba shi dala raguwa ya yi. Mai jarin gida ba ya ɗauke da wannan nauyi, naira ya zuba kuma naira kamfanin ke samu. Nasa abokin gabar hauhawar farashi ne, wadda ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Kamfanin da cinikinsa bai ƙaru da fiye da haka ba a wannan shekara, baya ya ci ko da littafinsa ya nuna ƙari.